Jirage taran da suka iso kan kari

Masu sauraro, akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya duk lokacin da aka ɗauko tarihin yaƙin Amurka da Japan a tekun Pasifik. Ana zuwa kan ƙananan jiragen ruwan nan tara masu dakon jiragen saman yaƙi, 'yan rukunin Independence, sai ka ji an taɓe baki, wai faci ne aka yi cikin gaggawa.

To, a ƙarshen Oktoban 1942, me ya rage wa Amurka a wannan teku? Cikin manyan jiragenta na dako, Lexington ya nutse, Yorktown ya nutse, Wasp da Hornet sun bi su. Saura Enterprise da Saratoga, kowanne da rauninsa. Tun 1941 Shugaba Roosevelt yake cewa a ɗauki gangar jiragen ruwan yaƙi samfurin Cleveland da ake kan ƙerawa, a shimfiɗa musu filin tashi a sama. Hafsoshin ruwa suka ƙi, sai da harin da Japan ta kai sansanin jiragen ruwan Amurka na Pearl Harbor ya buɗe musu ido. Masana'anta ɗaya a Camden ta jihar New Jersey ta yi aikin, duka taran kuma suka fara aiki cikin 1943. Tara fa, jama'a, cikin shekara ɗaya!

Masu kushe su kan ce manyan jiragen Essex na ɗaukar jiragen sama kusan 90, waɗannan kuwa 30 da 'yan kai, ga ƙunci, ga tangaɗi in teku ta harzuƙa. Mun ji. Amma mai jin yunwa ba ya jiran tuwon gobe. A gumurzun tekun Filifin na Yunin 1944, cikin jiragen dako 15 da ke sahun gaba na rundunar Amurka, takwas 'yan wannan rukuni ne. Fiye da rabi! Matuƙan da suka tashi daga Belleau Wood, ɗaya daga cikinsu, su ne suka nutsar da Hiyo, jirgin dako na Japan. Wannan ne facin?

Inda nake jinjina kai shi ne batun Princeton, ɗaya daga cikin taran. Bam ɗaya tal, ranar 24 ga Oktoba 1944 a yaƙin Leyte na ƙasar Filifin, ya ƙone shi, fashewarsa kuma ta hallaka fiye da mutum 200 a jirgin Birmingham da ya matso kashe gobara. Siririn jiki yana da farashinsa, ban musa ba. Sai dai shi kaɗai aka rasa sakamakon harin abokan gaba cikin taran.

Ko ɗaya kuma ba a adana don tarihi ba. Cabot ya yi wa Sifen aiki har 1989, aka maido shi gida da niyyar mai da shi gidan tarihi, ƙarshenta a Texas aka yanyanka shi aka sayar da ƙarfen.