Darajar Ran Ɗan Adam a Koyarwar Kirista

Salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gaida iyayenmu fastoci da dattawan ikkilisiya, da zumuntar mata, da ku matasa da kuka cika kujerun baya. Ku na fi so ku kasa kunne, domin yawancin abin da zan faɗa a kanku zai sauka.

Ku buɗe Littafin Farawa, sura 1, aya 26 da 27. Allah ya halicci haske da magana, ya halicci tsire-tsire da dabbobi da magana, amma da ya zo kan mutum sai ya ce bari mu yi mutum cikin surarmu da kamanninmu. Namiji da mace ya halicce su. A sura ta 2 kuma an ce ya hura masa numfashin rai a hanci. Duk koyarwarmu kan darajar rai a nan ta kafu. Lokacin da aka faɗi wannan magana babu Bayahude, babu Ba'al'umme, babu Kirista, babu Musulmi, babu Bahaushe ko Bafulatani ko ɗan Birom. Mutum ne kawai, da surar Mahaliccinsa a jikinsa. Saboda haka darajar ba kyawun hali ne ya sayo ta ba, ba ilimi ba, ba lafiya ba, ba baftisma ba. Allah ne ya sa ta, kuma bai ba kowa izinin cire ta ba.

Kun tuna ranar da aka kawo wa Yesu kuɗin haraji a Matiyu 22. Ya riƙe dinarin ya tambaya, surar wa ke jiki? Suka ce ta Kaisar. Ya ce to ku ba Kaisar abin da yake na Kaisar, ku ba Allah abin da yake na Allah. Malaman ikkilisiya na farko sun lura da abin da ke ƙarƙashin maganar: kuɗi na ɗauke da surar sarki, don haka na sarki ne, mutum na ɗauke da surar Allah, don haka na Allah ne. Wanda ya ɗauki rai, kayan Allah ya taɓa.

Yanzu mu koma Farawa sura ta 4, inda nake so mu ɗan daɗe. Kisan farko a duniya ba a fagen yaƙi aka yi shi ba. Kayinu ne ya kashe ƙanensa Habila, kuma a kan sha'anin ibada. Ku riƙe wannan. Allah ya tambayi Kayinu ina Habila, ya amsa da rashin kunya, ni makiyayin ɗan'uwana ne? Allah ya ce jinin ɗan'uwanka yana yi mini kuka daga ƙasa. Ba wanda ya ga abin da ya faru a saura, babu mai shaida, babu alƙali, amma jinin ya kai ƙara, kuma an saurare shi. Duk iyalin da aka kashe musu wani a gona ko a hanya, aka binne maganar, su ji wannan: ƙarar tana gaban Allah.

To amma ku dubi abin da ya biyo baya, wanda ba mu cika yin wa'azinsa ba. Kayinu ya ji tsoro, ya ce duk wanda ya same ni zai kashe ni. Da ni da kai ne, da cewa za mu yi, ai kai ka jawo wa kanka. Allah bai ce haka ba. Ya hukunta shi, ya kore shi daga gonarsa, amma ya sa masa alama don kada kowa ya kashe shi. Mai kisan kai na farko, Allah da kansa ya tsare ransa daga hannun masu ramuwa. Kuma a cikin surar nan muka ga inda ramuwa ke kai mutane. Lamek, daga zuriyar Kayinu, ya tara matansa yana yi musu kirari cewa ya kashe saurayi don ya yi masa rauni, yana alfahari za a rama masa sau saba'in da bakwai. Da Bitrus ya tambayi Yesu sau nawa zai yafe wa ɗan'uwansa, irin wannan lissafin Yesu ya ɗauko ya juya shi zuwa gafara.

Game da jariri a ciki, matsayin ikkilisiya tsoho ne. Zabura 139 ta ce kai ka saƙa ni a cikin mahaifiyata. Ga Irmiya aka ce, tun kafin in siffata ka a ciki na san ka. A Luka 1, da Maryamu ta gaida Alisabatu, jaririn da ke cikin Alisabatu ya motsa don murna. Duniyar da Kiristocin farko suka rayu a cikinta kuwa ba ta ɗauki jariri a bakin komai ba. An tono wata wasiƙa a Masar, wadda wani ma'aikaci mai suna Hilariyon ya rubuta wa matarsa daga Iskandariya, shekara ɗaya kafin lissafin miladiyya. Wasiƙa ce mai taushi, yana ce mata kada ta damu, zai aiko kuɗi da zarar an biya shi, yaya zai manta da ita. A tsakiyar wannan soyayya sai ya ce, idan kin haihu, in namiji ne ki bar shi, in mace ce ki jefar. Ba mugu ba ne a idon mutanen zamaninsa, al'ada ce. Cikin irin wannan duniya wani ɗan littafin koyarwa da ake kira Didake, na ƙarshen ƙarni na farko ko farkon na biyu, ya hana masu bi zubar da ciki da kashe jaririn da aka haifa. Sai a shekarar 374 dokar Rum ta mai da kisan jariri laifin da hukuncinsa kisa ne. Mu ma a ƙasar nan mun san labarin Mary Slessor da ta iso Kalaba a 1876, tana ɗauko tagwayen da aka yar tana renonsu.

Sai dai iyaye mata, ku yi haƙuri da ni a nan. Idan yarinya ta yi ciki a ikkilisiyarmu, me muke yi? A kira sunanta gaban jama'a, a mai da ita kujerar baya, uba ya kore ta daga gida, wanda ya yi mata cikin kuwa yana nan yana kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa. Yarinyar da ta ga an yi wa wata haka, in ya same ta, ina kuke tsammani za ta nufa? Wurin mai shagon magani a ɓoye, wani lokaci a rasa su biyun. Horo yana da wurinsa, ban ce a daina ba. Amma ikkilisiyar da ke cewa a bar jariri ya rayu, dole ta tanadi ɗaki da abinci da kuɗin awo ga uwar.

Masu bi da suka gabace mu sun fahimci cewa wannan koyarwa aiki ce. Basil, bishop na Kaisariya, ya gina wurin jinyar matalauta da kutare wajen shekarar 370. Asibitin Vom a Filato, da aikin jinyar kutare a Garkida, da asibitin Galmi a Jamhuriyar Nijar, duk daga wannan tushe suka fito, kuma ba a tambayar majinyaci addininsa kafin a ɗaure masa rauni.

Na zo wurin da ya fi nauyi. Mun sha wuya, ba mai musun haka. An ɗauke 'yan mata 276 daga Chibok a 2014. An kashe Deborah a Sakkwato a watan Mayun 2022. An buɗe wuta a kan masu sujada a Owo wata guda bayan haka. Akwai mutane a ɗakin nan da suka binne 'yan'uwansu a kabari ɗaya. Ina kuka tare da ku. Amma a watan Agustan 2021, a hanyar Rukuba cikin Jos, an tare motocin matafiya Musulmi da ke dawowa daga Bauchi aka kashe sama da 20. A watan Maris na 2025, a Uromi ta jihar Edo, an kashe mafarauta 16 da ke hanyarsu ta zuwa Kano yin Sallah. Idan zuciyarka ta yi zafi kan jerin farko amma ta yi sanyi kan na biyu, ka binciki kanka, domin ƙabilarka kake wa kuka, ba surar Allah ba. Kada kuma mu ce mai sunan Kirista ba zai iya ba. Ruwanda ƙasa ce da mafi yawan mutanenta Kirista ne, amma a 1994 an kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana 100, wasu a cikin majami'u kamar Nyamata da Ntarama, inda suka gudu neman mafaka.

Kun san yadda abin ke farawa. Wani ya yi ihu, ɓarawo! Ko a turo saƙo ta WhatsApp cewa ga su nan tafe. Kafin ka ankara an kewaye mutum, wani ya kawo taya, wani ya zuƙo fetur daga babur, sauran sun ɗaga waya suna ɗauka. Ba wanda ya tambayi sunansa. Shari'ar Musa, wadda muke ganin tana da tsanani, ta hana haka. Littafin Ƙidaya 35 ya keɓe birane 6 na mafaka don kada mai ramuwa ya kashe mutum kafin a yi shari'a, ya kuma ce ba a kashe kowa bisa shaidar mutum ɗaya.

Na san tambayar da ke bakin matasa: Baba, mu naɗe hannu a yanka mu? Kiristoci sun bambanta a nan, kuma zan faɗa muku gaskiya. 'Yan'uwanmu na EYN, wato Ikkilisiyar 'Yan'uwa a Najeriya, sun gaji koyarwar ƙin ɗaukar makami baki ɗaya, kuma su ne cikin waɗanda Boko Haram ta fi ɗaiɗaitawa. Wasu ikkilisiyoyi, suna bin Agustin, babban malamin ikkilisiya na dā, sun yarda a kare marar ƙarfi daga maharin da ke kansa. Amma ku karanta Fitowa 22, aya 2 da 3. Idan ɓarawo ya fasa gida da dare aka buge shi ya mutu, babu alhakin jini. Idan rana ta fito, akwai alhaki. Ko masu yarda da kare kai ba su taɓa halatta a wayi gari a je a ƙone rugar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ko a tare hanya a sauke baƙo daga mota saboda kamanninsa. Romawa 12:19 ta rufe wannan ƙofa: ramuwa ta Ubangiji ce.

A watan Yunin 2018, da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar ya ɓoye ɗaruruwan Kirista a masallacinsa da gidansa, ya fita ya tsaya gaban maharan ya ƙi miƙa su. A Kaduna kuma Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannunsa a rikici, ya haɗa kai da Imam Muhammad Ashafa, wanda dā abokin gābarsa ne, suka shafe shekaru suna sulhunta al'ummomi. Abin da nake roƙon shugabannin matasa shi ne, tun yanzu da ake zaman lafiya, kowace ikkilisiya ta zauna ta yanke shawara: idan rikici ya tashi, wane gida za a kai mai shayi da mai gyaran takalmi da ke unguwarmu, wa zai kira jami'an tsaro, waɗanne dattawa ne za su fita su tsaya a kan titi. Sakatare ya rubuta, a kawo wa majalisar dattawa a zamanta na gaba.

Lokaci ya ja. Mai gabatarwa, sai a ba masu tambaya dama.