Kasuwa ko Ƙuri'a: Wanne Ya Fi Tsare 'Yancin Mutum?

An rubuto wannan lacca daga faifan wani zaman tattaunawa da aka yi a Kaduna, an rage gaishe-gaishen farko.

Jama'a, assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwa ɗalibai, ina gaisuwa.

Maganar da aka ba ni, kullum ana yin ta a teburin mai shayi. Wani zai ce, ni a bar ni in yi sana'ata, ko soja ne ke mulki ina ruwana, ƙuri'a ake ci? Kada ku raina wannan magana, akwai manyan masana a bayanta. Milton Friedman na Amurka ya daɗe yana cewa wanda abincinsa ke hannun gwamnati ba zai iya buɗe baki ya soke ta ba. In gwamnati ce kaɗai mai ɗaukar aiki, ita ke da madaba'a, ita ke sayen amfanin gona, to ko an rubuta maka 'yanci a tsarin mulki, a takarda zai tsaya.

Mu ma mun ɗanɗana. Iyayenmu manoman gyaɗa da auduga ba su da ikon sayarwa sai a farashin da hukumar sayen amfanin gona ta yanka, har aka rushe hukumomin a 1986. Waɗanda suka manyanta a cikinku sun san wahalar neman layin waya a zamanin da kamfanin gwamnati ne kaɗai. Da aka buɗe wa 'yan kasuwa a 2001, yau mai sayar da rake a Kawo da wayarsa a aljihu. Wannan 'yanci ne na gaske, ban musa ba.

Masu wannan ra'ayi sai su kawo misalin Singafo, wadda Lee Kuan Yew ya riƙe daga 1959 zuwa 1990, 'yan adawa ba su sha da daɗi ba, ƙasa kuma ta yi arziki. Su kawo Hong Kong, inda Ingila ta yi mulki har 1997, mutanen gari ba su zaɓen gwamna amma kasuwa a sake take.

To ku tsaya a Hong Kong ɗin. A 2020 Sin ta kafa dokar tsaron ƙasa, aka kama 'yan adawa, jaridar Apple Daily ta rufe a 2021, mai ita hamshaƙin attajiri ne, kuma dukiyarsa ba ta hana shi shiga kurkuku ba. Abin da nake so ku riƙe ke nan: 'yancin kasuwa a hannun mai mulkin da ba za ka iya cirewa ba, aro ne ya ba ka. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Mu dawo gida, don a nan hujjata take. A 1984 gwamnatin soja ta canza launin kuɗi, ta rufe iyakoki, ta ba mutane kamar mako biyu. Wanda kuɗinsa ya ruɓe a hannu, wa zai kai wa ƙara? A shekarar ce aka ɗaure 'yan jarida biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, ƙarƙashin dokar soja ta 4, wadda ta takura wa 'yan jarida. Yanzu ku tuna farkon 2023, lokacin canjin takardun 200 da 500 da 1,000. Kowa a zauren nan ya sha layin banki, mai POS ya zama sarki, mutum na sayen naira da naira. Wahalar iri ɗaya ce, har mutumin da ke kan kujera ɗaya ne, wato Muhammadu Buhari. Bambancin shi ne, jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara sun kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, a watan Maris kotu ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki. Na ga wasu na murmushi. E, na sani, gwamnonin nan zaɓe ne a gabansu, ba tausayi kaɗai ba. Ai shi ne amfanin abin! Tsoron ƙuri'arka ne ya sa babban mutum ya ɗauki ƙorafinka ya kai kotu.

Haka a 1979, da gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar jihar Kaduna. Talakawa sun daɗe suna kuka da su tun zamanin NEPU, amma sai da aka kaɗa ƙuri'a suka faɗi.

Masanin Indiya Amartya Sen ya lura cewa babbar yunwa mai kashe jama'a ba ta aukuwa a ƙasar da ke da zaɓe na gaskiya da jarida mai 'yanci. A Sin tsakanin 1959 da 1961 miliyoyi sun mutu, jami'ai na aika rahoton an yi girbi mai albarka, don babu mai iya cewa ƙarya ne.

Kada kuma a ce na wanke dimokuraɗiyyarmu. Masaƙun Kakuri, da suka ciyar da dubban gidaje, da yawansu a zamanin farar hula suka ƙarasa durƙushewa. Mai jin yunwa kuma da taliya da sabulu ake saye ƙuri'arsa, mun gani da idonmu. Don haka mai cewa a fara da ciki yana da rabin gaskiya.

Sai batun filaye, wanda ba a cika taɓowa ba. Dokar amfani da filaye ta 1978, soja ne suka kafa ta, ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, kai kuma takardar izinin zama kake riƙewa, yawanci ta shekara 99, ana iya soke ta da sunan amfanin jama'a. An cusa dokar cikin tsarin mulki, don haka gyara ta sai Majalisar Tarayya da majalisun jihohi 24 sun yarda. Tun 1999 muke zaɓe, ku faɗa mini ɗan takarar majalisa nawa kuka taɓa tsarewa da tambaya a kanta.

Shugaba ya ɗaga mini hannu. Bismillah, malam na baya can, a miƙa masa lasifika.