Tambarin Fairtrade: matakin da ake yawan tsallakewa

Ku dubi ɗan tambarin Fairtrade da ke gefen fakitin gahawa, alamar cewa an sayi kayan bisa tsarin cinikin adalci ga manoma. Kwanakin nan ana ta ja-in-ja a kansa. Wasu na cewa duk ƙarin kuɗin da mai saye ya biya a kanti yana faɗawa aljihun manomi kai tsaye, wasu kuma na cewa yaudara ce tsagwaronta. Akwai mataki ɗaya da ɓangarorin biyu suka tsallake, a nan za mu zauna.

Tarihin a gurguje. A 1988 aka fito da tambarin farko irin wannan, mai suna Max Havelaar, a ƙasar Holan, da gahawar ƙananan manoman Meziko. A 1989 yarjejeniyar da ke daidaita cinikin gahawa a duniya ta wargaje, farashi ya faɗi warwas, manoma suka ji a jikinsu. A 1997 aka haɗa ƙungiyoyin irin wannan tambari a inuwa ɗaya a birnin Bon na Jamus.

To, ku biyo buhun gahawa ɗaya.

Kuɗin da tsarin ya tanada kashi biyu ne, kuma ko ɗaya ba a lissafa shi da farashin kanti. Na farko shi ne mafi ƙarancin farashi. A watan Agustan 2023 aka tsayar da shi a dala 1.80 kan laba ɗaya ta wankakkiyar gahawar Arabika. In kasuwa ta faɗi, ɗan kasuwa zai biya wannan. In ta haura, a bi kasuwa. Na biyu ƙarin senti 20 ne a kan kowace laba, kuma asusun ƙungiyar manoma yake shiga. A babban taron 'yan ƙungiya ake ɗaga hannu a zaɓi abin da za a yi da kuɗin: sito, rijiya, ajin makaranta, ko sabon dashe.

Yanzu ku natsu, ga matakin. Takardar shaida ba alkawarin saye ba ce. Ƙungiya za ta cika sharuɗɗa, ta biya kuɗin bincike, jami'an FLOCERT, mai bincike da ba da takardar shaidar Fairtrade, su zo su duba gona da littattafai, a ba ta takarda. Amma farashin nan da ƙarin nan suna hawa ne kawai a kan buhunan da wani ɗan kasuwa ya nema a bisa ƙa'idar Fairtrade. Mu ɗauka, a misali, ƙungiya ta tara buhu 100, masu saye suka nemi 30 a wannan tsari. Ragowar 70 ɗin, da aka noma a gona ɗaya da wahala ɗaya, kasuwar kowa da kowa za su tafi. Shi ya sa za ka tarar da manomi mai takarda a hannu, amma har yanzu kuɗin makarantar 'ya'yansa na gagararsa. Ba a cuce shi a kan buhu 30 ba. Masu sayen ne suka yi kaɗan.

A gani na, abin da ya fi tambarin tasiri shi ne kafin alƙalami, kuma ba a cika maganarsa ba. Daga ranar da aka tsinke 'ya'yan gahawa zuwa ranar da kuɗin ƙasar waje za su iso, watanni ne. Ɗan baranda kuwa yana bakin gona da tsabar kuɗi a hannu. Manomin da ɗansa ke kwance ba lafiya ba zai jira jirgin ruwa ba, zai sayar a yadda aka taya. Wa zai ga laifinsa?

Nan masu ba da bashin jari irin su Oikocredit, da aka kafa a 1975, da Shared Interest ta Ingila, 1990, da Root Capital ta Amurka, 1999, suke shigowa. Suna ba ƙungiya bashi bisa dogaro da kwangilar da ta ƙulla da mai saye, ko ba ta da fili ko gini na jingina. Kada a haɗa wannan da ƙaramin bashi irin na Bankin Grameen na Bangaladash, wanda aka san shi da biyan mako-mako. Wancan ya dace da mai ƙaramar sana'a da ciniki ke shigo mata kullum. Itacen da ke ba da amfani sau ɗaya a shekara, biyansa sai kaka.

Ku ɗauki wata mata a gaban sikelin ƙungiya. Magatakarda ya auna buhunta, ya rubuta, ya ƙirga mata kuɗinta a take. Gahawar ko sito ba ta shiga ba tukuna, balle jirgi. Kuɗin da take ɗaurewa a bakin zaninta daga wancan bashin suka fito, kuma ƙungiya za ta mayar da shi ranar da mai saye ya biya.