Aya, waƙafi da numfashin mai karatu

Ramatu: Masu saurare, barkanmu da war haka. Daga Tahoua muke magana, a rumfar Baba Malam, shayi na bisa wuta, Yaya Sani na fifita. Hirar yau kan alamomin rubutu ce, kowa ya faɗi wadda ta kwanta mai a rai. Baba, ku ne manya, ku buɗe mana.

Baba Malam: Madalla, ɗiyata. Ni tawa aya ce. Ba a lakwal na fara ganinta ba, a makarantar allo ne. Alƙur'anin malaminmu rubutun hannu ne, ƙarshen kowace aya an zana ƴan da'irori uku a dunƙule kamar duwatsun murhu. Aya ta biyar a sa alamar da ake kira kumsa, ta goma a sa wadda ake kira kuri. Tun ban iya harhaɗa baƙi ba idona ke neman murhun nan, don na san nan ne za a huta. Sunan da muke kiran ɗigon boko da shi ma daga can ya fito. Haka waƙafi, asalinsa waƙafu ne na Larabci, wato tsayawa.

Sani: Ke nan Bahaushe ya san tsayawa tun kafin boko ya zo.

Baba Malam: Ƙwarai. Duba bugun Warshu da ake kawowa daga Maroko, za ka ga ƴar alama bisa kalma inda ake tsayawa. Tsarin Imamul Habɗi ne, malamin Fas da ya rasu a shekara ta 930 bayan Hijira. Alamomin Turawa kuwa sai daga baya suka shiga rubutun Larabci, Ahmad Zaki Basha na Masar ya yi littafi a kansu a 1912. Waƙafin Larabawa kansa sama yake kallo, alamar tambayarsu ta juya baya, tunda daga dama suke farawa.

Ramatu: Kun kai ni gida, Baba, don tawa ita ce alamar tambaya. Hausa da murya take aiki, boko kuwa ba ya rubuta karin sauti. In na rubuta "Inna ta warke" na sa aya, albishir na yi. In na sa alamar tambaya, hankalina ne a tashe. Bara da mahaifiyarmu ta kwanta ciwo ina Yamai, ƙanena ya turo mini saƙo a WhatsApp: "an sallame ta". Na yi ta hamdala, har na kira dangi. Ashe tambayata yake, shi ma ba ya kusa, ya zaci na ji labari. Sai da ta ƙara kwana huɗu a gado. Daga ranar ban sake raina wannan ƴar ƙugiya ba.

Sani: Allah ya ƙara mata lafiya. Ai da ya sa "shin" ko "ko" a gaba, da an huta.

Ramatu: Amin, Yaya. To yaran yanzu wa ke da lokacin "shin"? Shi ya sa Sifaniyawa ke burge ni. Su tun farkon jimla suke kifa alamar tambaya, sannan su rufe da wata a ƙarshe, mai karatu ya san muryar da zai ɗauka tun bai buɗe baki ba.

Sani: Ni kuma waƙafi, kuma kasuwa ce ta sa ni sonsa. Kun san ina kai albasa Konni, abokan cinikina rabinsu daga Illela ta Najeriya suke. Mu da muka yi lakwal da Faransanci, biyu da rabi 2,5 muke rubutawa. Su 2.5 suke sawa, waƙafin nasu na raba dubbai ne. Sai mutum ya rubuto maka 1,500 yana nufin dubu da ɗari biyar, kai idonka na karanta ɗaya da rabi. Yanzu duk takardar da ta shigo hannuna, sai na fara tambayar daga wane gefen iyaka alƙalamin ya fito.

Baba Malam: Ba a lissafi kaɗai ba. Bafaranshe yana barin ɗan fili kafin alamar tambaya da ruwa biyu, Ingilishi ba ya bari. Zancen wani mu a tsakanin « » muka saba sa shi, Kano kuwa ƴan waƙafai biyu suke ratayawa a sama. Har harafi: mu ƴ mai lanƙwasa muke rubutawa bisa ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999, su 'y. Ina gane wasiƙar ɗan Nijar ko da bai sa suna ba.

Ramatu: Baba, waƙafi mai ruwa fa, wato mai ɗigo a kansa? Ban taɓa ganin wanda ya sa shi a saƙon waya ba.

Baba Malam: Ina jin tausayinsa. Wani mai ɗab'i a birnin Banis na Italiya, Aldus Manutius, shi ya fito da shi a siffar da muka sani, ƙarshen ƙarni na 15. Tsayawa ce da ta fi waƙafi tsawo, ba ta kai aya ba. Kuma karin maganarmu kamar don shi aka yi ta, don yawancinta gida biyu ce. "Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo." Saurari tsohuwa in za ta faɗe ta, shirun da take yi a tsakiya ya wuce na waƙafi. Lokacin da nake ba yara dikte, nakan hana su rubutu sai sun ji inda na ja numfashi. Wanda ya ji, ba ya kuskuren wurin sawa.

Sani: Ni dai alamar motsin rai ce ta ishe ni. Mutum ya jera biyar a bayan "ina kwana", kamar gobara ta tashi.

Ramatu: A bar su, Yaya, murna ce ta yi masu yawa. Ɗaya dai ta wadatar in da gaske ake. Ranar da aka sallami Inna, ƙanena guda ɗaya ya sa, kuma har yau ban goge saƙon ba.

Baba Malam: Sani, shayin nan ya nuna, zuba wa ƙanwarka na fari.

Ramatu: Na gode, Baba. Masu saurare, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.