Jirgin Yaƙi Cassin Young da Mutumin da Aka Yi wa Takwara

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Yau ina unguwar Charlestown a birnin Boston na ƙasar Amurka, cikin tsohon sansanin ƙera jiragen sojan ruwa wanda aka kafa a 1800 aka kuma rufe a 1974. Yawancin masu zuwa nan jirgin Constitution ne yake kawo su, wato tsohon jirgin katakon nan mai tafiya da iska wanda aka saka a ruwa tun 1797, ga layinsu can kuna gani. Ni kuwa abin da ya fito da ni a wannan sanyin safiya shi ne wannan jirgin ƙarfe mai launin toka da ke bayana, wanda aka rubuta wa lamba 793 da farin fenti a goshinsa. Sunansa Cassin Young, kuma ba a biyan ko kwabo kafin a hau shi.

Irin wannan jirgi shi ne Turawa suke kira distiroya, wato ƙaramin jirgin yaƙi mai gudu wanda aikinsa shi ne raka manyan jirage da kare su daga jiragen sama da jiragen ƙarƙashin ruwa. Tsawonsa kusan mita 115 ne, faɗinsa mita 12 kacal, kuma yana iya gudun kilomita 65 a awa. A wannan ɗan wuri ne mutum sama da 300 suke kwana suna tashi a lokacin yaƙi. Amurka ta ƙera guda 175 na wannan samfuri da ake kira Fletcher a Yaƙin Duniya na Biyu, amma huɗu kaɗai suka rage: uku a Amurka, ɗaya a ƙasar Girka. Bari in ƙwanƙwasa bangon nan ku ji amonsa. Ba shi da sulke irin na manyan jirage, shi ya sa sojojin da suka yi aiki a cikinsu suke kiran su gwangwani.

Al'adar sojan ruwan Amurka ce su raɗa wa irin waɗannan jirage sunayen jarumansu da suka rasu, kamar yadda a wurinmu ake yi wa kaka takwara idan an sami ƙaruwa a gida. Saboda haka ba zai yiwu a fahimci jirgin ba sai an san mai sunan.

An haifi Cassin Young a birnin Washington a 1894, ya gama makarantar horar da hafsoshin sojan ruwa a 1916, ya kuma yi shekaru a jiragen ƙarƙashin ruwa. A ƙarshen 1941 shi ne kwamandan wani tsohon jirgi mai suna Vestal, wanda asalinsa na dakon kwal ne aka mayar da shi jirgin gyare-gyare, cike da makanikai da masu walda. Ranar 7 ga Disamba, lokacin da Japan ta kai hari sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor a tsibiran Hawai, Vestal yana ɗaure jiki da jiki da babban jirgin yaƙi Arizona domin yi masa aiki. Bama-bamai biyu suka faɗa wa Vestal. Young ya nufi wata ƙaramar igwa ta harbo jiragen sama yana ba da umarni a wurin da kansa, sai ma'ajiyar albarusan Arizona ta fashe, ƙarfin fashewar ya ɗauke shi ya jefa cikin teku. Mutum 1,177 ne suka mutu a cikin Arizona ranar nan.

Abin da ya yi bayan haka shi ne ya sa nake ganin girmansa. Ruwan ya cika da baƙin mai, wuta tana ci a kansa, gaɓa tana kusa, kuma babu wanda zai zarge shi da ya nufi tudu. Shi kuwa sai ya yi iyo ya koma jirginsa, ya tarar mutanensa sun fara barinsa bisa zaton kwamanda ya mutu, ya mayar da kowa bakin aikinsa. Aka yanke igiyoyin da suka haɗa su da Arizona, wani ƙaramin jirgin ja ya taimaka aka janye Vestal, da Young ya ga ruwa yana shiga fiye da yadda za a iya kwashewa sai ya kai shi wuri marar zurfi ya zaunar da shi a kan yashi don kada ya nutse. An gyara Vestal ya ci gaba da aiki har ƙarshen yaƙin, shi kuma aka ba shi lambar girma mafi daraja ta sojan Amurka, aka ƙara masa girma zuwa kyaftin.

Bai shekara ba bayan wannan. Ranar 9 ga Nuwamba 1942 aka ba shi ragamar babban jirgin yaƙi San Francisco, wanda a cikinsa ne Adimiral Daniel Callaghan yake jagorantar rundunar da ke tsaron tsibirin Guadalcanal. Ku riƙe wannan suna, Callaghan, domin za mu sake haɗuwa da shi. Cikin daren 13 ga wata, jiragen Amurka 13 suka yi kiciɓis da rundunar Japan mai manyan jirage biyu, Hiei da Kirishima, wadda ta zo ragargaza filin jirgin saman tsibirin. An yi faɗan ne a cikin duhu kuma a kurkusa ƙwarai, har jirage suna neman karo da juna. Harsasai suka sami ɗakin tuƙin San Francisco, Young da Callaghan suka mutu a dare ɗaya, a jirgi ɗaya. Kwanansa huɗu kacal da karɓar jirgin, yana da shekara 48. Rundunar Japan dai ta juya ba ta harbi filin jirgin a wannan dare ba.

Wata huɗu bayan rasuwarsa, a Maris 1943, aka fara ƙera wannan jirgi da muke kai a San Pedro ta jihar Kalifoniya. Ranar 12 ga Satumba aka saka shi a ruwa, matar marigayin, Eleanor, ita ce ta yi bikin raɗa masa suna, kuma ya shiga aiki a ranar ƙarshe ta shekarar. A wannan masana'anta, a daidai wannan lokaci, an ƙera wani ɗan'uwansa mai lamba 792, aka sa masa suna Callaghan.

Ku biyo ni ciki, amma ku lura da ƙofar nan: bakinta yana da tsawo daga ƙasa, sai an ɗaga ƙafa an kuma sunkuyar da kai, an yi ta haka ne don a iya rufe ta gam ruwa bai wuce ba. Wannan ɗakin cin abincin hafsoshi ne. Teburin da kuke gani, idan faɗa ya kaure, shi ne yake zama gadon tiyata, a kansa likita yake ɗinke waɗanda suka ji rauni. Na daɗe a tsaye a gabansa kafin in kunna kyamara.

A 1944 jirgin ya bi rundunar jirage masu dakon jiragen sama zuwa Saipan da Tinian da Guam, sannan Filifins. A yaƙin mashigin Leyte, ranar 24 ga Oktoba, lokacin da Princeton, ɗaya daga cikin jiragen Amurka masu dakon jiragen sama, ya kama da wuta, Cassin Young ya tsamo mutum kusan 120 daga ruwa. Duk wannan yana faruwa ne a daidai lokacin da kakanninmu na rundunonin Afirka ta Yamma suke fafatawa da sojojin Japan ɗin nan a dazuzzukan ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, yaƙi ɗaya ne mai fuskoki da yawa.

Inda ya sha wuya sosai shi ne Okinawa a 1945. A lokacin Japan ta koma ga dabarar kamikaze, wato matuƙa 'yan ƙunar baƙin wake da suke rafka jirginsu da bam ɗinsa a kan jirgin abokan gaba. Sai Amurkawa suka jera irin waɗannan ƙananan jirage nesa da babbar runduna, kewaye da tsibirin, domin na'urarsu ta rada ta hango maƙiyi da wuri ta sanar. Ma'anar wannan ita ce su ne farkon abin da matuƙin kamikaze zai gani, kuma da yawa ba sa wucewa, a kansu suke saukowa. Ranar 12 ga Afrilu jirage suka yi wa Cassin Young taron dangi, ya harbo wasu, ɗaya ya daki doguwar sandar radar nan da ke sama da mu ya fashe a iska. Mutum ɗaya ya mutu, sama da 50 suka ji rauni. Aka je aka gyara shi, a ƙarshen Mayu ya koma fagen.

A ƙarshen Yuli, cikin dare, wani tsohon jirgin sama na koyon tuƙi da aka yi da katako da ƙyalle ya lallaɓo ƙasa-ƙasa a kan ruwa. Irinsa ba ya fitowa sosai a rada, ga shi ba shi da gudu, har ana iya raina shi. Ya faɗa wa Callaghan, albarusai suka kama, jirgin ya nutse da mutum 47. Cassin Young yana kusa, shi ya tsamo 125 daga cikin waɗanda suka tsira. Masu sunayen biyu sun mutu tare a Guadalcanal, ga shi bayan shekara biyu da wata takwas takwaran ɗaya yana kwashe mutanen takwaran ɗayan daga teku. Tun da na san wannan nake son zuwa wurin nan.

Ranar 30 ga Yuli, wajen ƙarfe uku da rabi na dare, irin wannan jirgin saman katako ya sami Cassin Young shi ma. Ga wurin nan, a ɓangaren dama, kusa da bututun hayaƙi na gaba. Fashewar ta fasa bututun tururi a ɗakin tukunyar da ke ƙarƙashin ƙafafuna, wuta ta tashi, jirgin ya rasa tuƙi. Mutum 22 suka mutu, 45 suka ji rauni. Waɗanda suka rage ba su faɗa ruwa ba. Cikin minti 20 sun shawo kan wutar, sun tayar da inji ɗaya, suka ja jirgin zuwa matsuguni. A ganina abin da Young ya yi a Vestal ne suka maimaita, kuma yawancinsu samari ne da ba su taɓa ganinsa ba. Kwana 16 bayan haka Japan ta sanar da miƙa wuya. Idan na tuna iyayen waɗannan 22, da iyayen matuƙin da aka tura da jirgin katako a yaƙin da ya riga ya ƙare musu, zuciyata tana yin nauyi.

Sauran rayuwarsa ba ta da hayaniya kamar wannan. An ajiye shi a 1946, aka dawo da shi aiki a 1951 saboda yaƙin Koriya, ya zagaya duniya a 1954, ya yi sintiri a Tekun Atlantika da Bahar Rum, kuma sau da yawa a wannan sansani na Charlestown ake yi masa gyara. Shi ya sa kamannin da yake da su yanzu na shekarun 1950 ne, da makaman farautar jiragen ƙarƙashin ruwa da aka ƙara masa daga baya. An sallame shi daga aiki a 1960, aka kawo shi Boston a 1978, aka buɗe shi ga jama'a a 1981 a ƙarƙashin hukumar kula da wuraren tarihi ta ƙasa.

Gishirin teku ba ya barin ƙarfe ya huta, don haka kullum ana kankare tsatsa ana sabunta fenti, kuma 'yan sa kai ne suke yin da yawa daga cikin aikin, ciki har da tsofaffin sojojin ruwa. Ga wani dattijo can a gindin igwa ta baya riƙe da burushi da gwangwanin fenti. Zan kashe kyamara in je in gaishe shi, in kuma nemi izininsa kafin in ɗauki hotonsa. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.