A Biya wa Kowane Yaro Allonsa

(An rubuto daga faifan laccar da aka gabatar a Zariya ga malaman firamare da 'yan kwamitin makarantu.)

Assalamu alaikum. Iyayenmu 'yan kwamiti, hedimastoci, malamai maza da mata, sannunku da zuwa, musamman waɗanda suka yi sammako daga Giwa da Soba da Kudan da Makarfi.

Bari mu fara da ɗan lissafi. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malamin firamare ɗaya, yara 35. Ku da kuke cikin ajin kun san abin da ke ƙasa. A ɗauka yara 80 ne, darasi kuma minti 40. In malam ya raba lokacinsa daidai wa daida, rabon kowane yaro rabin minti ne, kuma ba a cire kiran suna da rubutu a allo da "ku yi shiru" ba. A haka yaro zai kai aji biyar yana rera karatu tare da 'yan ajinsu, baki na motsi, amma in ka ware shi ka nuna masa "ƙasa" da "kasa" sai ya yi zuru. Ba daƙiƙi ba ne. Babu wanda ya taɓa zama da shi shi kaɗai.

Abin da muke kira jagoranci na mutum da mutum shi ne a haɗa yaro ɗaya da babba ɗaya, su riƙa zama a makaranta a rana sananniya, har tsawon shekarar karatu. Kada wani ya ce baƙon abu ne. A makarantar allo kowa da allonsa. Gardi ya biya wa ƙolo, ba a wanke masa sai ya iya. A zaurukan cikin birnin nan ɗalibi yakan buɗe littafinsa gaban malam, ya ɗauki nasa karatun, na bayansa ya matso. Mu ne muka shiga boko muka bar wannan a bakin ƙofa.

Amfanin farko shi ne fashi ya daina ɓoyuwa. Yaron da ya ɓace mako biyu lokacin noman farko ko girbin masara, a rajista alama ce kawai. Wurin jagora kuwa mutum ne bai zo ba, sai a bi sawu a ji dalili: gona ce, talla ce ranar kasuwa, ko zazzaɓi, ko yunifom ne ya yage yana jin kunyar fita. Kowanne da maganinsa, kuma da yawa magana ce kawai da uba ko uwa. Na biyu, ana gano abin da aji ke rufewa. Yarinyar da ke matse ido tana kwafar rubutun ta kusa da ita, allo ne ba ta gani. Yaron da kullum sai an maimaita masa, wataƙila kunne ne ke ruwa. Na uku shi ne tsallaken aji shida zuwa ƙaramar sakandare. Dokar UBE, wato dokar ilimin bai-ɗaya, ta 2004 ta ce shekara tara kyauta kuma dole, amma a ƙauye wurin nan ne ake zubewa, 'yan mata musamman, domin sakandaren tana wani gari. Jagorar da ta fara zancen da iyaye tun zangon farko na aji shida ta fi wadda ta zo bayan an sa rana. Cibiyar ilimin 'ya'ya mata da ke nan Zariya ta daɗe tana aiki da jagorori mata a ƙauyukan kewaye, kodayake nasu rukuni-rukuni ne.

Yanzu ga yadda ake zaman. Rabin awa, sau ɗaya a mako, rana ɗaya, wuri ɗaya. In an yi mako 36 a shekara, awa 18 ke nan. Ba yawa, saboda haka ba a ɓarnatar da ita. Jagora kada ya wuce yara uku, kowa da lokacinsa. Zaman farko gwaji ne da ba a kiransa gwaji: takarda ɗaya mai baƙaƙe da wasula, sai gaɓoɓi irin ba, bi, bu, sai kalmomi, sai jimloli huɗu, sai ɗan labari. Inda yaro ya tsaya, nan ake farawa, ko da ɗan aji shida ne ya tsaya a gaɓa. Da Hausa ake yi, harshen da yake tunani da shi. Haka lissafi: ya gane lambobi zuwa 99? Ya iya ɗebewa mai aro? Tsakuwa da karan dawa sun isa kayan aiki.

Sauran zaman kuwa, minti biyar na gaisuwa da jin labarin gida, minti ashirin na aiki, biyar na ƙarshe yaro ya faɗi da bakinsa abin da zai gwada kafin mako mai zuwa. Jagora ya rubuta layi uku a littafin da ke ajiye a ofishin hedimasta: ya zo ko bai zo ba, me aka yi, me aka lura. Kuma don Allah, malamai, bakin yaron ya fi naku motsi. Mu malamai in aka ba mu rabin awa sai mu mai da ita huɗuba.

To, ga inda abin yake lalacewa, kuma nan nake so mu daɗe. A Amurka akwai ƙungiyar Big Brothers Big Sisters, mai haɗa yaro da babba ya zama jagoransa, wadda asalinta ya koma 1904. A 2002 masu bincike biyu, Grossman da Rhodes, suka duba yaran da ke cikin shirinta. Waɗanda suka shekara ko fiye da jagoransu su ne suka fi amfana. Waɗanda alaƙarsu ta yanke kafin wata uku kuwa, baya suka ci wajen ganin ƙimar kansu da yarda cewa za su iya karatu. Wato jagoran da zai zo sau huɗu ya ɓace, gara bai zo ba. Yaro ba ya cewa "malam ya samu uzuri", cewa yake "ni ne ban kai ba".

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin Zariya cike take da masu son taimako na ɗan lokaci. Ɗaliban koyon malanta daga Jami'ar Ahmadu Bello da sauran makarantu sukan zo gwajin koyarwa na 'yan watanni su koma. Ɗan bautar ƙasa shekara ɗaya yake yi, kuma zuwansa ba ya dacewa da farkon zango. Su taimaka a aji, madalla, amma kada a ɗaura musu yaro. A nemi wanda ke kwana a garin: malamar da ta yi ritaya, matashin da ya gama NCE yana noma, malamar Islamiyya, ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi. Ilimi mai zurfi ba sharaɗi ba ne. Sharaɗin shi ne ya iya karatu, ba ya duka, kuma in ya ce Talata, Talatar ce.

Matsala ta biyu kuɗi. Ranar da jagora ya fara miƙa wa yaro naira ɗari, ya zama uban ɗaki. Sauran yara su yi hassada, iyaye su fara aike. In akwai buƙatar littafi ko takalmi, ta bi ta hannun kwamiti.

Ta uku ita ce mafi nauyi, amana. Mace ga yarinya, namiji ga yaro. Ana zama inda ido ke kaiwa, ƙarƙashin bishiya a filin makaranta ko aji mai ƙofa a buɗe, cikin lokacin makaranta. Babu "zo gida ka same ni", babu ɗauka a babur. Kafin a fara, hedimasta da ɗan kwamiti su je gidan da ƙafarsu, mai unguwa ya sani, kuma a gaya wa yaron wanda zai kai wa ƙara in wani abu bai yi masa daɗi ba. In yaro ya faɗi abin da ya shafi cutarwa, jagora ba ya riƙe shi a ciki, ba ya kuma kai shi majalisa. Wurin hedimasta zai kai a ranar.

Kada kuma a zaɓi masu ƙoƙarin aji don a burge baƙi, kada a sanar a taron safe cewa ga daƙiƙai an ware. A duba rajista a fitar da masu yawan fashi, a haɗa da sakamakon takardar gwajin karatun nan da na faɗa. Wannan tsari ba zai gyara rufin da ke yoyo ba, ba zai maye gurbin malamin da babu ba. Makarantar da ta iya riƙe yara 15 da jagorori biyar har ƙarshen shekara ta yi abin kirki.

Dogon hutu yana faɗawa tsakiyar damina, saboda haka a zaman ƙarshe a ba yaro ɗan littafin Hausa, a faɗa masa ranar da za a dawo. In kuma dole jagora ya tafi, a sanar da yaron mako uku kafin nan, sabon jagora ya zauna tare da su sau ɗaya, a miƙa masa littafin rubutun a gaban yaron.

Na ga Hajiya ta ɗaga hannu tun ɗazu. Bismillah, Hajiya.