Sida a taswirar Nijar: ina Maraɗi ta tsaya?

Salamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka. Daga Maraɗi muke magana, kuma yau taswirar Nijar za mu shimfiɗa bisa tabarma.

Akwai wata magana da ake yi a fada, bayan an sha kofin farko na shayi: wai sida ciwon mutanen Yamai ne, ko na masu tafiya Abijan, mu nan Allah Ya rufa mana asiri. Mai faɗar haka bai shara ƙarya ba. Sai dai ya duba buhu daga baki, bai zura hannu ciki ba.

Ku dubi taswirar nan. A shekarar 2006, hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta tura ma'aikata gida-gida a jihohi takwas. Su huda ɗan yatsa, su ɗiga jini bisa wata ƴar takarda, ba a rubuta sunan kowa. Da aka gama awo, sai aka iske cikin mutum 1,000 masu shekara 15 zuwa 49, mutum 7 ke ɗauke da ƙwayar cutar. Wannan na ƙasa baki ɗaya ke nan.

Da aka rarraba jiha-jiha, sai tabarma ta nuna inda ta fi lalacewa. Difa 17. Agadas 16. Yamai 14. Tawa 10. Maraɗi fa? Uku. Ita ce can ƙasa. Aka sake irin wannan bincike a 2012, na ƙasa ya sauka zuwa 4 cikin 1,000, Yamai ta zama kan gaba da 11, Maraɗi kuwa tana nan cikin na baya.

To me ya kawo wannan rata, alhali ƙasa ɗaya, tuta ɗaya?

Mu fara da abin da ya haɗa mu. Kusan kowane namiji a Nijar an yi masa kaciya. Gwajin da aka yi a Afirka ta Kudu da Kenya da Uganda ya nuna kaciya na rage wa namiji haɗarin ɗaukar cutar daga mace da wajen kashi 60 cikin ɗari. Tana ragewa, na ce, ba ta kawarwa. Wanzami ya yi mana aiki tun ba mu san ya yi ba, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa Nijar gaba ɗaya ke ƙasa idan an gwada ta da ƙasashen kudancin Afirka.

Abin da ya raba mu kuma, hanya ce. Ku bi jan layin nan da yatsa. Ƙwayar cuta ba ta san yare ba, ba ta tambayar ƙabila, amma ta san tasha. Agadas ƙofar Libiya da Aljeriya ce, ga Arlit da ramukan yuraniyom, inda maza ke shafe watanni nesa da iyali, da albashi a aljihu. Difa ga Tafkin Chadi, ga kasuwar kifi da tattasai, ga iyakar Najeriya da ta Chadi a bakin ƙofa. Tawa kuwa kowa ya san gidan ƴan ci-rani ce, wani tun yana saurayi yake kai da komo tsakanin garinsu da Kodibuwa. Yamai birni ce, ta tara kowa. Shi ya sa a duka binciken biyu birni ya ninka ƙauye fiye da sau biyu.

Ko maƙwabtanmu haka abin yake. Binciken Najeriya na 2018 ya sami fiye da mutum 5 cikin 100 a Akwa Ibom, amma Katsina, nan bayan Ɗan Isa da Jibiya, 3 ne cikin 1,000.

Yanzu ku ba ni aron hankalinku, don nan ne maganar fada ke tuntuɓe.

Uku cikin dubu ɗin nan na Maraɗi, dubun wa? Ƙidayar 2012 ta ba jihar Maraɗi mutum miliyan 3 da dubu 400. Agadas ba ta kai rabin miliyan ba. Wato mun ninka su wajen sau bakwai a yawan jama'a, su kuma sun ninka mu wajen sau biyar a kason cutar a binciken 2006. Ɗauki alƙalami ka buga da kanka. Za ka ga idan kawunan mutane ake ƙirgawa, ba kaso ba, ba mu da bakin yi wa Agadas dariya. Gishiri cokali ɗaya a ƙaramar tukunya kowa zai ji shi. Zuba wannan cokalin a tukunyar biki, sai a ce miya ba gishiri. Yana nan ciki.

Sannan binciken gida-gida, wanda ya kwana gida yake samu. Direban da ya kwana ƙarƙashin motarsa a bakin iyaka yana jiran takardu, ba a same shi ba. Haka soja a bariki, haka ɗan kaso. Mata masu zaman kansu kuwa, binciken da aka yi musu daban a waɗancan shekaru ya nuna fiye da mace ɗaya cikin goma na ɗauke da ita. Kuma masu zuwa wurinsu ba aljanu ba ne. Da asuba gida suke komawa, wani ma gidan mata biyu ko uku.

Abin da ya fi damuna ni kam, ba tasha ba ce, ɗaurin aure ne. Mace ta fita daga gidan wannan, ta gama idda, ta shiga gidan wancan. An yi ciniki kan sadaki, an ƙirga akwati, an raba goro, amma wanda ya ce a je awon jini sai a ce ya zargi ƴar mutane. Ita ma amarya ba ta isa ta nemi takardar ango ba. Da yawa daga matanmu sai a awon ciki suke fara jin labari, ungozoma ta ja labule ta yi ƙasa da murya.

Kuma ko a nan ɗin ba a makara ba. Mai cikin da ta kama magani da wuri, ta riƙe shi har ta yaye, galibi ɗanta lafiya lau yake tashi. Maganin kyauta gwamnati ke ba da shi. Wanda ke sha kullum har ƙwayar ta daina bayyana a awon jini, ba ya sa wa matarsa, ita ma ba ta sa wa mijinta. Mai ɗauke da ita yakan yi shekaru yana noma, yana kasuwa, jiki sumul, don haka ido ba ya ganewa.

Awon kansa, hudar yatsa ce irin ta zazzaɓin cizon sauro. Ka zauna bisa benci a CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, kafin mai shayin bakin ƙofa ya sauke na biyu, an kira ka ciki.